Yaushe Notis Ya Isa? Lacca Kan Yarjejeniyar Kamfani Da Dilansa

 

Wanda ya bi titin Kano zuwa Maiduguri ta nan Wudil zai ga gidajen mai da manyan shagunan lemo da siminti ɗauke da tambarin kamfanoni. Sau da yawa ɗan gari ne ya zuba jarinsa, kamfani ya ara masa suna, yana ba shi kaya bisa yarjejeniya rubutacciya. Can ƙarshen takardar akwai sakin layin da ba a cika karantawa ba, mai bayyana yadda za a aiko notis da ranar da za a ɗauka ya iso. A kansa zan tsaya.

A ce kamfani ya ba dila kwana 30 ya gyara wani laifi ko a sauke tambari. Daga yaushe za a fara ƙirga? Mu a wurinmu saƙo bai isa ba sai mai shi ya ji da kunnensa. Takarda ba ruwanta da wannan. Ranar Juma'a ce, Alhaji dila yana kara wajen cinikin shanu, ɗan aike ya iso kan babur, yaron shago ya sa hannu ya karɓi ambulan, ya tura shi ƙarƙashin littafin bashi. In yarjejeniya ta ce miƙawa a adireshin da aka rubuta ya wadatar, tun daga wannan sa hannun kwanaki suka fara zuba.

Kotunan Ingila, waɗanda alƙalanmu kan duba hukuncinsu, sun daɗe a kan wannan. A shari'ar jirgin ruwa Brimnes, a 1974, saƙon teles ya shiga ofis cikin lokacin aiki, ma'aikata ba su duba ba, kotu ta ce ya isa. A nan gida, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda a kai wa kamfani takarda a ofishinsa mai rajista, dokar shaida ta 2011 kuma, a sashe na 84, ta buɗe wa saƙon kwamfuta ƙofar kotu.

Amma sharaɗin nan ya ɗaure kamfani shi ma, kuma nan nake so ku riƙe da kyau. A shari'ar Mannai ta 1997, Mai shari'a Hoffmann ya nuna cewa in an sharɗanta notis ya zo a shuɗiyar takarda, kawo shi a wata kala bai yi ba, komai bayyanar manufarsa. Saboda haka in an rubuta wasiƙa mai rajista, manaja ya turo ta WhatsApp, dila na da bakin magana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharaɗin da ke cewa wasiƙa ta isa bayan kwana 2 da jefa ta a gidan waya. An tsara shi ne don biranen da kowane gida ke da lamba. Ɗora shi a kan wanda adireshinsa "bayan gada, kusa da masallaci" rashin adalci ne, kuma ana iya neman a gyara shi kafin sa hannu.

Iyayena 'yan kasuwa, ku ɗauko takardunku ku kai wa lauya ya karanta muku wannan sashen. Wanda ya sauya shago ko lambar waya ya sanar da kamfani a rubuce, ya ajiye kwafi. Ku kuma gaya wa yaran shago duk ambulan da ya zo su kira ku nan take.