Zafin Dubai Da Maganin Huhu: Jawabin Da Aka Karanta A Taron Jam'iyya

Malamai, iyayenmu mata, da 'yan'uwa fatake masu zuwa Dubai sarin kaya, Liman ya umurce mu da mu yi muku bayanin wata magana da ke yawo a zango, wai zafin can yana ƙarfafa huhu.

Ga asalinta. A 1962 wani masani a Italiya, Ferruccio Ritossa, yana kiwon ƙananan ƙudaje don bincike, sai wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatinsu. Da ya duba, ya tarar jikinsu ya ta da wani aiki sabo. Sai a 1974 aka gano cewa wani irin furotin ne jiki ke ƙerawa in ya sha wuya, watau wani sinadari daga cikin waɗanda aka gina jiki da su. Mu ma muna da shi, mafi shahara ana ce masa HSP70.

Kun ga yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko? To, haka zafi ko ciwo ke lalata sinadaran jikinmu. Shi kuwa wannan sai ya riƙe wanda ya fara lalacewa har ya koma daidai.

Likitoci suka yi kwaɗayinsa saboda cutar nan da huhu ke cika da ruwa, numfashi ya gagara. A Toronto a 1993 aka ɗumama ɓeraye tukuna, sannan aka ji wa huhunsu ciwo, mutuwarsu ta ragu. A 2002 kuma, a Amurka, aka sa huhun ɓeraye ya ƙera HSP70 da yawa, suka sami sauƙi.

Amma fa ɓeraye ne, jama'a, kuma zafin auna shi aka yi. Har yau ba a amince da maganin huhu irin wannan ga mutane ba. Wanda ya tallata muku shi a kwalba, ku riƙe kuɗinku.

Ranar Dubai kuwa ba ta da awo; da bazara takan wuce digiri 40. Hukumar ƙasar da kanta, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta hana sa leburori aiki a rana daga sha biyu da rabi zuwa ƙarfe uku. Ku ma, in kuna Deira ko kasuwar Naif, ku bar ɗaukar dila a lokacin nan, ku sha ruwa. Mai asma ya tafi da maganinsa, don ƙura takan taso can. Wassalam.