Duwatsun murhu uku na mulkin ƙasa

 

Kullum in an toshe burtali ko an nome mashaya, sai mu ce "gwamnati ta cuce mu". To, wace ce gwamnati? In ba mu san ta ba, ba za mu san ƙofar da za mu buga ba.

A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai, a watan Disamba na 1992 jama'a ta jefa ƙuri'ar amincewa da sabon tsarin mulki. Harsashin da aka aza shi ne wanda tsarin mulkin 2010 ya sake ɗauka: iko na jama'a ne, ƙasar Nijar ɗaya ce ba a raba ta, kuma 'yan ƙasa duka daidai suke gaban doka. Ke nan mai sanda a daji da mai ofis a Yamai matsayinsu guda.

Don kada mutum ɗaya ya haɗiye iko, sai aka kasa shi uku, kamar duwatsun murhu.

Na farko majalisar dokoki. A ƙarƙashin tsarin 2010, kafin soja su jingine shi, ita ke yin doka, ita ke amincewa da haraji da kasafin kuɗi, ita ke tuhumar ministoci. A lokacin, kuɗin rigakafin dabbobi da na haƙa rijiya ta nan suke biyowa.

Na biyu masu zartarwa, wato shugaban ƙasa, firaminista, ministoci, har zuwa gwamna da perefe. Aikinsu aiwatar da doka. Tsarin 2010 ya ba shugaba shekara 5, ya sake neman 5, shi ke nan.

Na uku shari'a. Alƙali ba yaron minista ba ne, doka kaɗai yake bi.

Mun ga abin da ke faruwa in dutse guda ya goce. A 2009 shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki saboda tazarce. A Fabrairun 2010 soja suka kifar da shi. A Yulin 2023 kuma soja suka jingine tsarin mulkin 2010 ɗin kansa.

Ga abin da nake so ku riƙe. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, waɗanda muke kira kofo. Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Amma takarda ba ta buɗe burtali da kanta. In an toshe hanya, ku je wurin kofo da hukuma, don aiwatarwa nasu ne. In an ci ku tara ba kan ƙa'ida ba, ku nemi rasit, ku kai gaban alƙali. In dokar ce ke da giɓi, ƙungiya ta kai kuka wurin masu rubuta doka.

Kada mu ɗauki doka a hannunmu. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maradi, inda aka yi asarar rayuka masu yawa a 1991.

Ku yi wa yara takardar haihuwa, ku sa su makaranta, don gobe a samu ɗan makiyayi a kowane dutse cikin ukun nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka.