Adashen da Ba a Fatan Ɗauka

Jawabin ma'ajiyar ƙungiya a taron cika shekara

Uwar ƙungiya, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Ku yi haƙuri da karatuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya, amma da hannuna na rubuta takardar nan.

Shekara 3 da suka wuce aka yi wa 'yata tiyatar haihuwa. Kafin a sallame mu jarina na manja ya tafi, injin markaɗe ma sai da na sayar. Wata 7 rumfata tana rufe. A gadon da ke kusa da namu akwai matar wani malamin makaranta, ita ma aikin da aka yi mata ke nan, amma abin da suka biya bai taka kara ya karya ba. Na tambaye ta dalili, ta ce duk wata ana cirar wani abu daga albashin maigidanta don lafiya.

To mu fa, da ba mu da albashi? Na ɗauka babu rabonmu, ashe akwai. A nan Kano tun 2016 aka yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA. Kaduna ma suna da tasu, KADCHMA. A 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta ce kowane ɗan Najeriya ya shiga tsarin inshorar lafiya. Mai talla, mai kitso, mai ƙosai, kowa na iya rajista. Za ki biya kuɗin shekara, ki zaɓi asibitin da za a riƙa duba ki.

Wata za ta ce, in shekara ta ƙare ban yi ciwo ba fa, kuɗina ya tafi ke nan? Yaya, ai mu 'yan adashe ne. Bambancin kawai, wannan adashen mara lafiya ke ɗauka. In ba ki ɗauka ba, ki gode wa Allah, kuɗinki ya yi wa wata magani.

Amma kada mu biya ido rufe. Mu tambaya: wane ciwo suke ɗauka, wanne ba sa ɗauka? Haihuwa da tiyata suna ciki? Yara fa? Bayan rajista kwana nawa kafin kati ya fara aiki? In an ce babu magani a asibiti, wa za mu kai wa kuka?

Shawarata, mu tura mutum 3 ofishinsu su jiyo mana, a rubuce. In ya yi mana, sai mu ware ɗan wani abu a zubin kowane mako, mu yi rajista tare. Ni na yarda in riƙe littafin. Ba na so wata a cikinmu ta sake sayar da injinta a ƙofar asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ƙara wa ƙungiya albarka.