Walimar Ma'aikata Da Haraji A Ƙasar Ingila

Maganar yau a kan wata al'ada ce ta masu ƙananan kamfanoni a ƙasar Ingila, da dokar da Gwamnati ta kafa mata. A can, idan shekara ta zo ƙarshe, Kirsimati ta gabato, mai kamfani ya kan tara ma'aikatansa, tun daga manaja har mai shara, ya kama musu wuri, a ci, a sha, a yi raha, domin ya nuna musu ya yaba da wahalar da suka sha. Al'ada ce mai kyau. Amma akwai tarko a cikinta, wanda idan mai kamfani ya taka, ba shi kaɗai zai ji jiki ba, har da mutanen da ya yi nufin karramawa.

Ga asalin maganar. Bisa dokar Ingila, abin da ma'aikaci ya samu daga hannun ubangidansa saboda aikinsa, ko da ba kuɗi ba ne, kamar motar hawa ko gidan zama, ana lissafa shi tamkar albashi, a aza masa haraji. Da an bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, da ko abincin walima sai an biya masa haraji. Sai Majalisar Dokoki ta yi sassauci. A cikin dokar harajin albashi ta 2003, sashi na 264, an yafe wa ma'aikaci harajin walima, muddin dai walimar ta shekara-shekara ce, an gayyaci ma'aikata duka, kuɗin da aka kashe kuma bai wuce fam 150 a kan kowane mutum ɗaya ba.

Ba a ce lalle sai ta Kirsimati ba. Wanda ya saba tara mutanensa da bazara, ko Musulmin da ya ke da kamfani a Birmingham ya ke yi wa ma'aikatansa walimar Salla kowace shekara, duk sun shiga. Wanda bai shiga ba shi ne bikin da a ke yi sau ɗaya tak, kamar na cikar kamfani shekara 25. Haka kuma idan manya suka keɓe kansu suka bar akawu da masinja a waje, sassauci ya faɗi. Gayyata ita ce sharaɗi. Wanda aka kira ya ƙi zuwa, ruwansa. Kamfani mai reshe a garuruwa dabam-dabam yana iya yi wa kowane reshe tasa, in dai ba a bar kowa ba.

To, yanzu sai maganar fam 150, gama a nan ne mutane su ke faɗawa. Da yawa suna tsammani idan an kashe fam 160 a kan mutum, fam 10 na bisa kaɗai za a biya wa haraji. Ba haka ba ne. Da zarar an ƙetare iyakar, ko da da fam ɗaya, kuɗin duka ya zama abin haraji, tun daga fam na farko.

Lissafin kuwa ba na abinci kaɗai ba ne. Ana haɗa kuɗin hayar wuri, da abin sha, da ladan makaɗa, da motar da ta mai da mutane gida, da ɗakin kwana idan kamfani ya kama musu, sa'an nan da harajin kayan saye da a ke kira VAT, wanda ya ke 20 bisa ɗari, ko da kamfani zai karɓo abinsa daga baya. Jimlar ce a ke rabawa da yawan mutanen da suka halarta, har da baƙi. A lura da kyau: waɗanda suka halarta aka ce, ba waɗanda aka dafa dominsu ba.

A ce ga wani kamfani mai ma'aikata 10, an ce kowa ya zo da iyalinsa mutum ɗaya, watau mutum 20 ke nan. An kashe fam 2,800. Mai kamfani ya buga lissafi ya ga fam 140 a kan kowa, hankalinsa ya kwanta. Ran walima sai yaron wani akawu ya tashi da zazzaɓi, shi da matarsa ba su zo ba. Yanzu fam 2,800 za a raba wa mutum 18, ya zama fam 155 da 'yan kai. Iyaka ta karye. Kowane ma'aikaci za a ɗora masa nasa da na baƙonsa, wajen fam 311, wanda ya ke biyan haraji 20 bisa ɗari kuwa sai ya ga an biyo shi fam 62 saboda abincin dare ɗaya da bai roƙa ba. Kamfani shi ma zai biya kuɗin inshorar ƙasa a kan jimlar, wanda tun Afrilu 2025 ya ke 15 bisa ɗari, watau fam 420. Saboda haka mai hankali ba ya kai lissafinsa bakin gaɓa, ya kan bar wa kansa sarari.

A gaskiya wannan iyaka ta tsufa. A 2003 aka ɗaga ta daga fam 75 zuwa 150, tun daga nan kuwa ba a sake taɓa ta ba, alhali abinci da haya sun yi ta hauhawa fiye da shekara 20. Walimar da a dā ta ke ta masu hannu da shuni, yau matsakaiciya ce, musamman a London.

Idan walima biyu a ke yi a shekara, ana haɗa su. In jimlarsu ba ta wuce 150 ba, duk an yafe. In kuwa ta bazara ta ci fam 100, ta Kirsimati ta ci 80, sai a yafe babbar, a biya haraji a kan fam 80 cif. Shekarar haraji a Ingila tana farawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilu na gaba, da ita a ke ƙidaya.

Wanda ya riga ya ƙetare fa? Tilas ya sanar da Hukumar Haraji da Kwastan, wadda a ke kira HMRC, a takardar P11D, kada ya wuce 6 ga Yuli. Amma akwai hanyar fita kunya. Yana iya ƙulla yarjejeniya da Hukumar, kada ya wuce 5 ga Yuli bayan ƙarewar shekarar, ya ɗauke wa ma'aikatansa harajin ya biya daga aljihun kamfani. Wannan ya fi tsada, domin harajin da ya biya musu shi ma ana lissafa shi kamar wata kyauta ce. Duk da haka ya fi a ce maigida ya ciyar da mutanensa, kana ya bar su da bashi.

Wani ruɗani kuma da ya kamata a warware shi ne, iyakar nan ta harajin ma'aikaci ce. Game da harajin ribar kamfani, abin da aka kashe wajen liyafar ma'aikata ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji, ko ya wuce 150 ko bai wuce ba. Liyafar abokan ciniki kuwa ba a cire ta, VAT na rabonsu ma ba a mayarwa. Wanda ya cika wurin da masu sayen kayansa ya kira abin walimar ma'aikata, sai ya shirya amsa tambaya. Don haka a ajiye rasiɗai, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka zo a daren, tun ba a manta ba.

Saura batun kyauta. Tun 2016, ƙaramar kyauta wadda ba ta wuce fam 50 ba, kamar talo-talo ko kwalin alewa, ba ta da haraji, in dai ba tsabar kuɗi ba ce, ba kuma ladan wani aiki ba ne, ba a kuma rubuta ta cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki ba. Darektocin kamfanin da mutum biyar ko ƙasa da haka su ke riƙe da shi an tsayar musu fam 300 a shekara. Wanda kuwa ya ce ba zai yi walima ba, gara ya damƙa wa kowa fam 150 a hannu, to, albashi ya ƙara musu, za a kuma cire haraji a ciki kamar yadda a ke cirewa kowane wata.