Cikas Uku da Ruwa Ke Kawo wa Mafarin Rai

Lacca da aka gabatar wa ɗalibai Hausawa mazauna Arba wa Nus, Alƙahira

Kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwayar halitta ruwa ne, shi ya sa masana kimiyya suka daɗe suna neman mafarin rai a cikinsa. A 1953 Stanley Miller na Jami'ar Chicago ya wallafa sakamakon gwajinsa, inda ya saki tartsatsin lantarki cikin tururin ruwa da iskar mitan da amoniya da haidirojin, ya samu amino asid, waɗanda da su ake haɗa furotin. Amma samun tubali daban, tayar da katanga daban, kuma wajen ginin ne ruwa ke kawo cikas uku.

Na farko tsinkewa. Duk sa'ad da amino asid biyu za su ƙulle, sai ƙwayar ruwa guda ta fita daga tsakaninsu. Inda ruwa ya yi yawa kuwa lamarin juyewa yake, ruwan ya koma ya warware ƙullin. Haka yake yi wa sarƙar RNA. Sukarin ribos da ke jikin sarƙar ma ba ya jimiri: a 1995 Miller da abokan aikinsa sun auna cewa rabinsa na lalacewa cikin minti 73 a ruwa mai zafin digiri 100.

Na biyu tsarma. Teku na da faɗi da zurfi, ɗan sinadarin da ya samu sai ya watse, da wuya ƙwayoyinsa su haɗu balle su ƙulle.

Na uku ƙarancin fosfet, wanda RNA da DNA ba sa tsayuwa sai da shi. Kalsiyom da ke cikin ruwa yakan kama shi, su daskare su zama ma'adinin afatayit mai wuyar narkewa.

Wannan ya sa wasu masu bincike suka mai da hankali ga tafkunan da ke cika su ƙafe. Akwai irinsu a Wadi Natrun, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da Alƙahira, inda Misirawan dā ke ɗibar kanwar busar da gawa, haka kuma a ƙasar Manga ta Nijar. Ƙafewa na tattara sinadarai wuri guda, ta kuma janye ruwan da ke hana ƙulli. A 2019 Jonathan Toner da David Catling na Jami'ar Washington sun nuna cewa a ruwan kanwa, kabonet ne ke fara kama kalsiyom, fosfet ya saura a narke da yawa.

Sai dai ruwa mai kaifin kanwa na hanzarta tsinkewar RNA. Maɓuɓɓugan ɗumi na ƙarƙashin teku da wasu ke neman mafarin rai a cikinsu, irin Lost City da aka gano a Atilantika a 2000, su kuma ba su tsira daga tsarma ba. Har yanzu babu gwajin da ya tashi daga sinadarai zalla ya kai ga ƙwayar halitta mai hayayyafa.