Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai da Ƙaddamar da Mujallarsu a Balan

 

Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, malamanku sun ce wasunku lauyoyi suke son zama, wasu 'yan jarida, wasu kuma siyasa suke hange. To, ku saurari labarin Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa.

A Kagara aka haife shi a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Kun san shi da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, amma ni aikin da ya fi burge ni shi ne wanda ya kama a Zariya a 1939, da aka naɗa shi editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mai ilimi guda ya riƙe takardar a gindin bishiya, jama'a su kewaye shi su ji abin da duniya ke ciki, har labarin yaƙin Hitila, cikin Hausar da ba ta buƙatar tafinta. Wasiƙun talakawa kuwa ya ba su fili, wanda aka danne ya samu bakin magana.

A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Da suka tsara takardar neman mulkin kai, ya ƙi sa hannu, don yana ganin Arewa ba ta shirya ba. Ana iya saɓa masa a kan wannan, amma bai ɓoye ra'ayinsa don kunyar abokan tafiya ba. A can ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya zayyana masa matsalolin Arewa ba rufa-rufa.

Daga baya ya shiga Majalisar Wakilai a Legas. Bai sa rigar lauya ba, sai dai a ƙarshen aikinsa shi aka ɗora kan kujerar Kwamishinan Koke-koke a Kaduna, inda mai ƙaramin ƙarfi kan kai kukansa idan hukuma ta taka shi. Ya rasu a 1981.

'Ya'yana, ga mujallarku a hannuna. Ku rubuta a cikinta abin da ya dami manomin Gaya da na Ajingi: tsadar taki, rikicin iyakar gona, rabon gado. Ku tabbatar da labari kafin ku buga shi.

Da sunan Allah, na ƙaddamar da ita. Allah ya yi muku albarka.