Alamomin Lantarki da Zanen Da'ira: Rubutun da Injiniya Ba Ya Wasa da Shi



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau abu ne da yawancinmu muka raina a shekararmu ta farko. Mun ɗauka lissafi shi ne aikin injiniya, zane kuwa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Sai da muka shiga ɗakin gwaji, aka miƙa mana takarda aka ce mu haɗa abin da ke jikinta, sa'an nan muka gane kurenmu. Wata rana rukuninmu ya ɓata yini guda cur yana neman abin da ya hana da'ira aiki. Mun zargi batir, mun zargi waya, har mun fara zargin juna, ashe ɗigo ɗaya ne ya ɓace wajen kwafar takarda. Tun daga ranar muka san cewa duk wanda zai taɓa wutar lantarki, lalle ne ya fara iya karanta rubutunta.

Bari mu fara da bambance iri-irin zanen, domin su uku ne aka fi aiki da su. Na farko shi ne zanen da'ira, wanda ke nuna abin da ya haɗu da abin, ba tare da kula da inda kowanne yake zaune ba. Na biyu shi ne zanen shimfiɗa waya, wanda ke nuna wa mai aiki inda makunni yake a bango, da inda soket yake, da hanyar da waya ta bi. Na uku shi ne zanen layi ɗaya, wanda manyan tashoshi ke amfani da shi, inda ake wakiltar wayoyi uku da layi guda. Da irin wannan zane ne mutum zai bi wuta tun daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya ga ta hau layin volt 330,000, ta sauko 132,000, ta sauko 33,000, ta sauko 11,000, har ta iso taransifomar unguwa ta shiga gida a kan volt 230.

Wanda ke son fahimtar na farkon, ya tuna da labarin Harry Beck, wani mai zane a ma'aikatar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin Landan. Ya lura cewa fasinja bai damu da lanƙwasar hanya ba, abin da ya dame shi shi ne wace tasha ke bin wace, kuma ina zai sauya jirgi. Sai ya zana taswirar da miƙaƙƙun layuka, irin yadda ake zana da'irar lantarki, aka buga ta a 1933. Haka zanen da'ira yake. Tsawon layi a takarda ba shi ne tsawon waya ba, mahaɗa ita ce magana.

To, su alamomin fa, daga ina suka fito? Yawancinsu hoton abin ne aka taƙaita. Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya ƙera batir na farko a 1800 ta hanyar jera faifan ƙarfe iri biyu, wani a kan wani. Alamar batir har yau layuka biyu ne, dogo da gajere, dogon shi ne ɓangaren da ke ɗauke da alamar tarawa, gajeren kuwa mai alamar ɗebewa. Kapasita faranti biyu ne da ba su taɓa juna, saboda haka alamarsa layuka biyu ne masu tsawo ɗaya. Naɗin waya ana zana shi kamar naɗin, taransifoma kuwa naɗi biyu ne suna fuskantar juna, ko kuma, a zanen layi ɗaya, zobe biyu da suka shiga juna. Ƙwan fitila zobe ne da aka gicciya layi biyu a cikinsa. Makunni layi ne da aka yanke aka ɗaga gefe ɗaya kamar ƙyauren da aka buɗe. Wayar ƙasa kuwa layuka uku ne a kwance, kowanne ya fi na ƙarƙashinsa tsawo.

Dayod, watau abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kurum, alamarsa kan kibiya ne da ya tokari sanda. A nan akwai abin lura. Kibiyar tana nuna wuta na tafiya daga tarawa zuwa ɗebewa, bisa al'adar da ta samo asali tun zamanin Benjamin Franklin. Da J. J. Thomson ya gano ƙwayar elektaron a 1897, sai ta bayyana cewa a cikin waya ƙwayoyin suna tafiya ne ta ɗaya fuskar. Ba a sauya al'adar ba, domin lissafi yana fita daidai muddin kowa ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya. Haka kuma taranzista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1947: idan kibiyar ƙafarta ta nuna waje, NPN ce, idan ta nuna ciki, PNP ce. Wanda ya juya kibiyar ya zana wani abu dabam.

Waɗannan alamomi ba kowa ne ke ƙaga nasa ba. A 1906 aka kafa hukumar duniya mai tsara ƙa'idodin lantarki, wadda ake kira IEC, a birnin Landan, Lord Kelvin ne shugabanta na farko, hedkwatarta kuwa tana Janiba. Kundinta mai lamba 60617 shi ne ya tattara alamomin zane. Amurkawa suna da nasu, IEEE 315, na 1975. Bambancin da ɗalibi zai fara cin karo da shi yana wajen rizista, watau abin da ke rage gudun wuta. Littattafan Amurka suna zana shi da layi mai haƙoran zarto, ƙa'idar IEC kuwa ta ce ɗan akwati ne mai tsawo. Dukansu daidai ne, laifin shi ne a gauraya su a takarda ɗaya. Kuma mu kiyaye, a ƙa'idar IEC alamar fis ita ma ɗan akwatin ce, sai dai an ratsa layi ta cikinsa daga wannan kai zuwa wancan. Layi ɗaya ne tsakanin abin da ke rage wuta da abin da ke kare gida daga gobara.

Yanzu sai ƙa'idodin zanen kansa, kuma muna roƙon ƙannenmu su riƙe guda biyar.

Ta farko, a bar zane ya karantu kamar rubutun boko: abin da ke shigowa a hagu, abin da ke fita a dama, babban ƙarfin wuta a sama, ƙasa a ƙasa. Layuka su zama a miƙe, ko a tsaye ko a kwance.

Ta biyu ita ce maganar ɗigo. Idan layi biyu suka gitta ba ɗigo, ba su haɗu ba. Idan akwai ɗigo, sun haɗu. Da yake ɗigo yana iya ɓacewa, ko tabon tawada ya zama ɗigo, gwanaye ba su haɗa waya huɗu a wuri ɗaya. Sukan raba mahaɗar gida biyu, kowace da siffar harafin T, yadda ko ɗigon ya goge ba mai ruɗewa. Dalilin wannan tsanani yana cikin dokar Gustav Kirchhoff, wadda ta ce jimlar wutar da ta shiga mahaɗa daidai take da jimlar wadda ta fita. In mahaɗa ta ɓata, lissafi duka ya ɓata. Ya kamata mu tuna cewa Kirchhoff ya fito da dokokinsa ne a 1845, yana ɗalibi a jami'ar Königsberg, shekarunsa 21.

Ta uku, kowane abu a ba shi suna da daraja: R1, R2 ga rizista, C ga kapasita, L ga naɗi, D ga dayod, Q ga taranzista. Wajen rubuta daraja, an fi son 4k7 a maimakon 4.7k, domin idan ɗigon nan ya ɓace, om 4,700 ya koma om 47,000, ninki goma ke nan.

Ta huɗu, makunni da rile ana zana su ne a halin da suke sa'ad da ba wuta kuma ba wanda ya taɓa su. Wanda bai san wannan ba zai karanta buɗaɗɗe a matsayin rufaffe.

Ta biyar, kowace takarda ta ɗauki sunan aiki, da sunan mai zane, da kwanan wata, da lambar gyara. Zanen da ba kwanan wata kamar wasiƙa ce da ba sa hannu.

Bari mu gwada da ɗan misali. Muna da batir mai volt 9, muna son kunna ƙaramar fitilar LED ja, wadda ke cin kimanin volt 2, kuma ba a son wutar da ke ratsa ta ta wuce miliamfiya 20. Sai mu zana batir a hagu, layi ya tashi daga dogon layinsa ya bi ta makunni, ya shiga R1, ya shiga D1 ta gindin kibiya, ya fita ta sanda ya koma gajeren layin batir. Volt 7 ne suka rage wa rizista. Dokar Georg Ohm, wadda ya wallafa a 1827, ta ce a raba volt da amfiya, watau 7 a raba da 0.02, a sami om 350. Da yake ba a saba samun 350 a kasuwa ba, sai mu ɗauki 390, wutar ta sauko kimanin miliamfiya 18. Duk wannan mun gama shi a takarda kafin mu kashe ko kwabo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Wani zai ce ai wannan wasan ɗakin gwaji ne. To, mu fita waje. A zanen wutar gida, makunni da fis suna kan waya mai wuta ne, ba a kan nutural ba. Idan aka juya, fitila za ta mutu idan an kashe makunni, amma wuta tana nan a maƙalin ƙwan tana jiran hannun wanda ya zo sauyawa. Launin waya ma ba abin dogara ba ne shi kaɗai, domin a tsofaffin gidaje ja ne mai wuta, baƙi nutural, alhali ƙa'idar da Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006 ta mai da su ruwan ƙasa da shuɗi, kuma ana samun iri biyun a gini ɗaya.

Ga kuma janareta, wanda ya zama ɗan gida a garuruwanmu. Zanen kirki yana nuna makunnin sauya layi wanda ba zai taɓa haɗa janareta da layin gari a lokaci ɗaya ba. Idan aka tsallake shi, wutar janareta takan koma kan layi, taransifomar unguwa ta yi aiki da baya ta ɗaga ta zuwa dubban volt, alhali ga ma'aikaci a kan falwaya yana da tabbacin an kashe layin. Haka nan masu haɗa sola: batir biyu masu volt 12, in an jera su wutsiya da kai sun zama volt 24, in an haɗa su kai da kai suna nan a 12, sai dai su ƙara jimawa. A takarda bambancin layi biyu ne, a ɗaki kuwa bambancin na'urar da ke aiki ne da wadda ta ƙone.

Saboda haka muna da magana da yayyenmu ma'aikata. Da yawanku, ko ba injiniyoyi ba ne, wata rana za a kawo muku takardar kammala ginin asibiti ko makaranta ku sa hannu. Kada ku sa sai an miƙa muku zanen wutar ginin kamar yadda aka shimfiɗa ta a zahiri, ba kamar yadda aka yi niyya tun farko ba, kuma a adana shi inda za a same shi. Ɗan kwangila zai tafi, ku ma za a yi muku canjin wurin aiki, takardar ce kaɗai za ta rage ta yi wa mai gyara jagora bayan shekara ashirin. Ginin da ba shi da zane, duk gyaran da aka yi masa lalube ne cikin duhu.

Ba mu manta da kwamfuta ba. Tun 1973 aka fito da manhajar SPICE a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai gwada da'ira kafin a haɗa ta, kuma akwai irin su KiCad da ɗalibi zai samu kyauta ya yi zane mai tsabta. Mu koye su, mu ƙware. Amma kwamfuta abin da aka ba ta take zanawa, kuskuren da aka shigar mata za ta fito da shi fes, har ya fi na hannu kama da gaskiya. Wanda bai iya zana da'ira da fensir a bayan ambulan ba, ya kuma bayyana wa mai gyaran wuta na unguwa abin da take nufi da Hausa, bai gama koyo ba tukuna.

Shawararmu ta ƙarshe ga ƙannenmu mai sauƙi ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan mako kowa ya ɗauki abu ɗaya, ko tocila ce ko wutar ɗakinsa, ya zana da'irarta ba tare da ya kwance abin da ke kan wuta ba, sa'an nan ya miƙa wa abokinsa ya karanta ba tare da ƙarin bayani ba. Idan abokin ya yi tambaya, zanen ne da gyara, sai a sake.